Gahawa ta Uku a Gidan Nana Zumra

Lubliyana, farkon Afrilu

Zuwa ga ƙanena Nusret,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen Jasik. Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da sanyi ya bar mini.

Wataƙila ba ka riƙe fuskata ba. Ni ce Belkisa 'yar Sakib, jikar Nana Zumra ƙanwar kakanka. Rabona da kai tun kana ɗaura wa kuliyoyi gwangwani a wutsiya. An ce ba ka canza sosai ba, amma kai kaɗai ne matashin da ya rage kusa da gidanta. Ban buga waya shagon Fehim ba, don na san kafin a kirawo ka rabin gari ya ji.

Ka san Nana ta faɗi a tsakar gida cikin sanyin da ya wuce. Babana ya rantse daga Jamus cewa in ya zo lokacin dafa tuffa zai ɗauke ta ya kai ta gidan tsofaffi a Tuzla, ya kulle gidan. Na roƙe shi ya jira ya ga yadda za ta kasance a lokacin. Aikina ke nan a jami'a, muna bincike kan irin motsa jikin da ke hana tsofaffi faɗuwa, kuma mun ga yana yi. Ga takardu nan da hotuna. Ta riƙa tashi daga zaune ba tare da ta dafa ba, ta tsaya da ƙafa ɗaya kusa da tebur, ta kuma koyi saurin jefa ƙafa gaba. A naɗe dardumomin gidan duka. Ta bar silifa, ta sa takalmi mai igiya ko a cikin ɗaki.

Ni ba zan samu zuwa ba, ina tsakiyar gwaji da tsofaffina na nan. Ka riƙa yi da ita kullum, kana rubuto mini. Kada ka gaya mata maganar Tuzla.

Yayarka,
Belkisa

Jasik, watan Mayu

Zuwa ga Dokta Yaya Belkisa, shugabar masu tsayuwa da ƙafa ɗaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa irin ta mutanen ƙauye. Muna lafiya. Inna gwiwarta na nan yadda take, saniyarmu ta haihu, haƙorin hoja, limaminmu, ya kumbura har huɗubar Juma'a ta gajarta, kowa ya ji daɗi. Allah ya ba ki lafiyar tarin, ki sha shayi, ko shi ma sai an yi bincike?

Na riƙe fuskarki sarai. Ke ce kika zo da farin takalmi kika taka kashin shanu, kika yi ta kuka har aka goya ki.

Yaya, ki yi mini afuwa, ni karatuna bai wuce na gaban hoja ba. Duk shekarun nan da ake cewa Belkisa na can tana karatu, mu a nan mun ɗauka ciki kike tsagawa ki ɗinke. Inna har alfahari take yi da ke a wajen biki. Ashe tsayuwa da ƙafa ɗaya kike koyarwa. Shamuwar da ke kan rufin masallacinmu tana yin wannan tun ba a haife ki ba, ba kuwa wanda ya taɓa ce mata Dokta. Da gaske biyan ki ake yi? Ki gaya mini a asirce, ba zan faɗa wa Fehim ba.

Duk da haka na kai wa Nana takardunki. Ta karɓe ni da kyau, ta dafa mini gahawa ta farko, ta maraba. Na buɗe hoton farko. Ta daɗe tana kallon tsohuwar nan taku mai gajeren wando, sannan ta tambaye ni ko matar ba ta da 'ya'yan da za su saya mata sutura. Na ce mata jikarta ce ta aiko, so take ta yi kamar yadda matar ke yi. Ta ce jikarta ta fara yin aure tukuna, sannan ta koya wa mutane tsayuwa.

Da na zo kan dardumomi sai ta ajiye finjalinta. Kin san da hannunta ta saƙa su, jar nan ta tsakiya kuwa da ita ta shigo gidan tana amarya. Na ƙarasa da maganar takalmi. Ta ce, "A ɗakin da nake salla?"

Ta tashi, da dafa bango da nishi, ta tsallake gahawa ta biyu, ta hira, ta kawo mini ta uku kai tsaye. Ko a can an mantar da ke? Ta uku ita ce ta "sha ka ba mu wuri". Tun da nake shiga gidan nan ba ta taɓa yi mini haka ba, ko ranar da na sa mata kwaɗo a tulun madara. Takardunki sun yi abin da kwaɗo ya kasa.

To binciken ke nan daga ɓangarenmu. In akwai wani abin da jami'a ke son sani, kamar yadda ake haɗiye ruwa, ina nan.

Ƙanenki marar digiri,
Nusret

Lubliyana, ƙarshen Mayu

Nusret,

Salam. Ina fatan kowa lafiya. Tarin ya tafi, na gode da shawarar shayi.

Na karanta wasiƙarka, na ga an gaya mini gaskiya game da kai. Ban nemi ka fahimci aikina ba. Tsoho in ya karya ƙugu, da yawa ba sa sake tashi, na ga wannan da idona, kai kuwa shamuwa ka gani. In karatun takardun ne ya yi maka nauyi, ba abin kunya ba ne, ka bi hotuna kawai, don irinku muka sa su. Ko ka kai wa hoja ya karanta maka a hankali.

Abu ɗaya na roƙe ka, kuma ko yaro zai iya. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, in san ba kowa a Jasik.

Belkisa

Jasik, watan Yuni

Ranki ya daɗe Dokta,

Salam da gaisuwar girmamawa. Muna lafiya ƙalau, lafiya ma har ta yi mana yawa tun da takardunki suka shigo gari.

Na bi shawararki, na kalli hotuna da bakina a buɗe kamar yadda irinmu ke yi, sai ga ilimi yana shiga. Albishirinki. Nana yanzu tana ɗora gahawa a wuta, ta ɗage ƙafa ɗaya, ba ta saukewa sai ta tafasa. Tashi daga benci kuwa, hannuwanta a ƙirji, kamar an tsikare ta da allura. Dardumomi duk ta naɗe da kanta tana waƙa, ta ce dama sun ishe ta. Takalmi mai igiya ba ta cire shi, jiya da ƙyar na hana ta kwana da shi. Ƙafa kuwa tana jefa ta gaba da saurin da sai da kazar Ramiza maƙwabciyarta ta tsorata ta daina ƙwai.

Ta ce in gaya miki duk abin da ta sani a duniya daga takardun nan ta koye shi, shekarunta na baya ɓata lokaci ne. Shamuwa ma ta sauko ta duba, ta koma da kunya.

Ki sa sunana a littafin da za ki rubuta. Nusret, da sin.

Almajirinki mai kallon hotuna,
Nusret

Lubliyana, tsakiyar Agusta

Ƙanena Nusret,

Salam. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da gwiwarta. Ka yafe mini dogon shirun, na je taro, na dawo na tarar da aiki ya taru, wasiƙarka kuma tana ƙarƙashin tarin takardu.

Na san ka ƙara gishiri, maganar kaza da shamuwa halinka ne. Amma ko rabin abin da ka faɗa ya isa. Na yi kuka da na karanta, kuma na ji kunyar abin da na rubuta maka a baya. A nan ma muna ganin haka, wadda ta fi gardama ita ke fin kowa in ta fara.

Na karanta wa Baba ta waya, ban da wajen kazar. Ya ce zai zo ƙarshen Satumba ya gani da idonsa. In ta tsaya da ƙafa ɗaya a gabansa, ta tashi ba dafawa, ya ga ƙasa ba darduma, zai bar ta a gidanta. In kuwa ya tarar an yi masa wasa da hankali, a ranar zai sa ta a mota, don ya riga ya yi magana da mutanen Tuzla. Na ce masa ya zo kawai.

Allah ya saka maka.

Yayarka,
Belkisa

Jasik, farkon Satumba

Yaya Belkisa,

Salam. Lafiya muke, in ban da ni da rabona da barcin kirki tun da wasiƙarki ta zo.

Ke yanzu da hankalinki, da digirinki, kika karanta cewa Nana Zumra ta naɗe jar dardumarta tana waƙa, kika yarda? Wace jami'a ce wannan? A gaban hoja ko yaron da bai kai Tabbat ba ya san in Nusret ya ce "ranki ya daɗe" to zagi ne. Kika cire kaza kika bar sauran, wai ke mai tace gaskiya. Da kin bar kazar a ciki, da Kawu Sakib ya gane, don shi a nan ya girma. Ba rabi ba, ko ƙwaya ɗaya ba gaskiya a wasiƙar nan. Ke kika ce in kalli hotuna, na rama, ke kuma kika ɗauki ramuwata kika kai Jamus.

Takardunki ma sai da na neme su. Inna ta shimfiɗa su a kwandon 'yan tsaki. Na ciro su na goge, na shanya. Takardar jefa ƙafa gaba an cinye rabinta, tsohuwar mai gajeren wando ba ta da kai yanzu, abin ya fi mata kyau.

Na kuma karya umarninki, na gaya wa Nana maganar Tuzla, don ba wata hanya. Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta je taga ta tsaya, wadda ake hango maƙabarta ta cikinta, inda mijinta Kaka Hasib yake kwance. Ta daɗe a nan. Da ta juyo sai ta tambaye ni ko a can ana barin mutum ya dafa gahawarsa da kansa. Na ce ban sani ba. Yaya, na fi son ranar da ta kore ni.

Duk da haka ta ƙi taɓa takardun, ta ce ita ba biri ba ce. To nan na yi aikin da na iya, wanda ba a koyarwa a Lubliyana. Na je na gaya wa Ramiza cewa Nana ta ce ita Ramiza ba ta iya tashi daga benci sai an ja ta kamar buhun dankali. Na dawo na gaya wa Nana cewa Ramiza na tambaya wa za a bar wa itatuwan tuffa in an tafi da ita. Kin san su biyun tun suna amare suke gasar wadda ta fi murza kwaɓin fulawa siriri in za a gasa abincin nan namu fita. Washegari na same su a tsakar gida, benci ɗaya, kowacce ta harɗe hannu a ƙirji, suna tashi suna zama suna harara, ba mai son ta riga gajiya. Ni kuma na ja layi da gawayi a ƙasa, in na tafa su jefa ƙafa su tsallake. Fehim ya rufe shago ya zo kallo ta kan shinge. Mutuncina a garin nan ya ƙare, an fara ce mini Dokta.

Ga gaskiyar inda muke, ba gishiri. Tana tashi ba dafawa in Ramiza na kallo. Ƙafa ɗaya tana yi kaɗan, yatsa a kan tebur. Dardumomi mun naɗe, tana tsine mana ni da ke da jami'a. Takalmi kuwa ki manta, ko Kawu ya zo da soja.

Ki kira babanki ki rage abin da kika gaya masa. Ke kika iya magana da mutanen Jamus.

Nusret

Jasik, watan Oktoba

Zuwa ga Dokta mai fushi,

Salam. Muna lafiya. Inna na gaishe ki, ta ce ko hannunki ne ya karye. Na ce a'a, bincike ake yi kan yadda ake amsa wasiƙa. Tun da ba ki rubuto ba, kuma na ga alama ba ki kira Kawu ba, to ga abin da ya faru, don na san shi ba zai gaya miki duka ba.

Ya iso ranar da muke dafa tuffa, hayaƙi ya cika gari, Inna na juya babban kasko. Mota doguwa, tumbi ya ƙaru. Na riga shi hawa gidan Nana don in duba komai. Ina buɗe ƙofa sai ga abin da na tarar. Ta shimfiɗa dardumomin nan duka, har waɗanda ban taɓa gani ba, wata kan wata, ja a tsakiya. Na ce Nana, me kika yi? Ta dube ni kamar na zagi iyayenta, ta ce ɗanta zai zo daga tafiya ta tarbe shi a kan katako tsirara, kamar gidan da aka yi gwanjo? Wannan ba ya cikin takardunki, Dokta. Da kin tambayi ko wace tsohuwa a Jasik, da ta gaya miki.

Kawu ya shigo, ya sumbaci hannunta, ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ramiza ma ta shigo, wai aron gishiri, ta samu wuri ta zauna. Ko gama gaisawa ba a yi ba ya ce to Mama, an ce kina tsayuwa da ƙafa ɗaya, a nuna mini.

Ta ce, "Ni na koya maka tsayuwa da biyu."

Ta wuce wajen murhu ta bar shi a tsaye. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce don lafiyarta ne, ya ce a Tuzla akwai ɗumi da likita da na'urar hawa bene. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ni dai na fara tunanin ta inda zan bi in bar garin.

Sai ga ta da tire, hannu biyu, finjalai da sukari da butar gahawa. Tana zuwa tsakiyar ɗaki silifarta ta kama bakin jar dardumar. Na ga kanta ya yi gaba, na ga tiren ya karkata. Ban ko motsa ba, ba lokaci. Sai ƙafarta ta dama ta fita gaba da sauri ta dira, daidai yadda take yi a kan layin gawayi. Finjali ɗaya ya kife, gahawa ta zuba a tire. Ita tana tsaye.

Kawu ya yi fari fat. Ya ce ya ga abin da ya zo gani, ta haɗa kayanta, Nusret ya ɗauko akwati. Shi tuntuɓen ya gani. Ban ɗauko ba.

Nana ta goge tiren, ta zuba masa ta maraba, ta zauna a bencin nan nata mai gajerun ƙafafu. Bai kai rabin finjali ba ta ɗauki tiren da hannu biyu ta miƙe tsaye, ba bango ba tebur. Ta je ta dawo da ta biyu, ta ajiye kusa da ta farko, ta zauna. Ba wanda ya yi hira. Ta sake ɗaukar tire, ta sake miƙewa, wannan karon a hankali, na ji gwiwarta ta yi ƙara, amma ta miƙe. Da ta dawo ta ajiye ta uku a gabansa, Ramiza ta rufe baki da gefen ɗankwalinta.

Kawu ya dubi finjalai uku a jere. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta fito ba, ya ce Mama, ni fa ɗanki ne, ba baƙo ba.

Ta ce, "Ɗana in ya zo, zama yake yi. Kai ka zo ɗaukar kaya. Sha, hanya da nisa."

Ya sha. Wallahi ya sha, a gaban Ramiza. Ya sa takalminsa ya fita, muka ji ya rufe ƙofar mota. Muka yi ta jiran ƙarar inji, shiru. Nana ta zauna tana kallon tiren. Na ce in je in kira shi? Ta ce in na motsa za ta dafa mini tawa.

Har aka kira la'asar yana cikin motar. Sannan ya dawo, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya cire kwat, ya tambaye ni ina gudumar babansa. Ya durƙusa da tumbin nan ya bi bakin dardumomi yana kafe su da ƙananan ƙusoshi. Da ya zo kan ja ta ce in ya huda mata tsakiya sai ta huda shi, ya bi gefe-gefe. Ya kwana huɗu, ya kafa ƙarfen riƙewa a matakala da banɗaki, ya ci gasasshiyar fita har ya kwance bel. Da zai tafi ya ce a ga yadda sanyin bana zai wuce, sannan a sake magana. Ta ce a sake. Makullin gidan dai yana aljihunta.

Kada kanki ya kumbura. Ban ce aikinki aiki ne ba, har yanzu shamuwa ta fi ki iyawa kuma ba a biyan ta. Amma ƙafar nan da ta fita, ta takardarki ce, wadda 'yan tsaki suka ci rabinta. Ki aiko wata, da na gaba da ita in akwai, don dusar ƙanƙara ta kusa, kuma Ramiza ta fara riga Nana tashi daga benci, Nana ba ta barci saboda haka. Ki sa wa matar hoton dogon wando.

Nana ta ce in gaya miki ki zo da kanki ki daina aiken takarda kamar hukuma. Ta ce takalminki, mai igiya ne ko marar igiya, a bakin ƙofa zai tsaya. Na tambaye ta wace gahawa za a ba ki. Ta ce ta farko tana nan ta ajiye miki, sauran kuma sai ta ji abin da ke bakinki.

Ƙanenki,
Dokta Nusret